Rumfar Malam Sammani

Ranar Alhamis, shida ga watan Oktoba na wannan shekara ta 1988, cikin kwanakin ƙarshe na watan Safar, Allah Ya karɓi ran Malam Sammani manomi, a gidansa da ke wani ɗan ƙauye a bakin babbar magudanar ruwa tsakanin Kadawa da Bunkure. Ya cika jim kaɗan da idar da sallar La'asar, bayan jinyar kwana biyar, yana da shekara hamsin ko sama da haka kaɗan. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu tattara. Ya bar matarsa Saude da 'ya'ya biyu, Isiyaku da Binta. Labarin bai iske ni ba sai bayan kwana takwas, a garinmu Mirriya ta ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar, a wata wasiƙa da Isiyaku ya rubuta ya ba wani direban motar albasa. Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka miƙo mini ita, na karanta a tsaye, sannan na nemi gindin bango na zauna.

Malam Sammani, ba a saba rubuta ta'aziyyar irinka a takarda ba. Ba ka riƙe sarauta ba, ba ka tara dukiya ba, Makka ma da kake ta ambato Allah bai nufe ka da zuwa ba. Amma ni na ci abincin gidanka wata biyar, na ga abin da na gani, kuma in na yi shiru na ci amana. Don haka zan faɗa, ko da kai da kanka da kana nan cewa za ka yi in bar surutu in nemi aikin yi.

Ni ne Ibrahimu, malamin gona. A ƙarshen daminar 1983 ƙungiyar masu lambu ta garinmu ta turo ni Kadawa in koyi noman rani. Mu can da rijiya da guga muke ban ruwa, ga shi ana ta ba mu labari cewa a Kano an tare kogi a Tiga an koro shi har cikin gonaki. Ban taɓa ƙetare iyaka ba sai wannan karon. Harshe ɗaya ne, alƙibla ɗaya, amma wallahi baƙunta baƙunta ce. Kwana uku na yi a wani ɗaki da aka ba mu kusa da tashar binciken gona, ban san kowa ba, ba wanda ya san ubana, tuwon ma ji nake kamar ba na dawa ba.

A rana ta huɗu da hantsi na fita ina bin gefen magudana, har na gangara wajen kwari inda ruwa ke kwanciya, wurin da ba abin da ke yi da damina sai shinkafa. Ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa, daidai lokacin da tsuntsun jan-baki ya fi sonta. Kowace gona da 'yar rumfarta ta itace mai tsayi, daga rumfar an ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gona, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. A kan kowace rumfa yaro ne ko yarinya, suna jan igiya suna ihu. Wannan bai ba ni mamaki ba. Korar tsuntsu aikin yara ne, haka yake a Kano, haka yake a Damagaram, tun kakanni. Sai can a kan wata rumfa na hango babban mutum da furfura a gemu, ya naɗe hannun riga, yana jan igiya yana kurma ihu da iyakar muryarsa. Kai ne.

Tausayinka ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, bawan Allah nan bai samu haihuwa ba, don ba magidancin da zai hau rumfar tsuntsu alhali yana da ko da ɗa ɗaya a gida. Na matso na yi sallama, na yi maka barka da aiki, sannan na sassauta murya yadda ake yi wa wanda ake jajantawa, na ce Allah Ya ba ka masu karɓar ka a wannan aiki. Ka dube ni daga sama, sannan ka fashe da dariya har rumfar tana girgiza.

"Ya ba ni, baƙo, har biyu. Suna makaranta."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ka tambaye ni daga ina, na ce Damagaram. Ka ce to shi ya sa, ashe bawanka ne ya zo, ai da ma ba a tsammanin hankali wurin Badamagare. Na ce ai Bakano ne bawa, tarihi ya shaida. Daga wannan wasa na Kanawa da Damagarawa muka ƙulla, kuma har Allah Ya raba mu ban taɓa jin sunana a bakinka ba, sai dai Bawana. Kafin Magariba ka sa an ɗauko mini akwatina daga Kadawa, ka share mini ɗakin da ke jikin zaurenka. Ka ce ba za a ce baƙo yana cin tuwon kasuwa ba alhali kana da murhu.

A gidan nan na fahimci cewa ba kai kaɗai ke wannan yaƙi ba. Saude ba ta fita, kamar sauran matan ƙauyen, kuma kowa ya san sana'ar mace a cikin gida tana kan 'yarta mai talla ne. Ƙuli-ƙulin Saude ba shi da na biyu a yankin, amma ba ta taɓa ɗora wa Binta faranti a lokacin makaranta ba. Mata sun yi mata magana har sun gaji, wasu suka ce girman kai ne. Sai ya zama ranar kasuwar Bunkure kai ne ke ɗaure kwanon ƙuli a bayan kekenka ka kai wa masu tsire. Da yamma kuma in ta gama girki, sai ta zauna a tsakar gida ta kwaɓa laka tana mulmula ta ƙanana-ƙanana, ta shanya, don ka samu abin sa wa majajjawa. Na sha jin Isiyaku, yana aji biyar a lokacin, yana karanta mata littafinsa da ƙarfi tana wannan aiki. Ba ta san harafi ko ɗaya na boko ba, amma da ya yi tuntuɓe a karatu sai ta ce ya maimaita, don ta ji muryarsa ta canza.

A waje kuwa ka sha ba'a. A wannan wata na tsuntsu makarantar ƙauyen kusan wofi take zama, kowa ya kwashe nasa ya kai gona. Maƙwabcinka na gona, Baballe, shi ne ya fi kowa baki. Shi ya naɗa maka sarautar Sarkin Jan-baki, in ka doso majalisa bayan Magariba sai ya durƙusa yana ran sarki ya daɗe, yana tambayar yadda ka baro talakawanka masu fiffike. Yakan ce shi bai taɓa ganin takarda ta cika rumbu ba. Mutane su yi ta dariya, kai ma ka taya su, ka zauna. Ni dai abin yana ci mini rai, na taɓa cewa ka rama. Ka ce mini Baballe ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ya riga hankalinsa tashi daga barci.

Yanzu zan zo kan abin da na daɗe ina ɗauke da shi, don laifina yana ciki.

A mako na uku na tsaron tsuntsu zazzaɓi ya kama ka. Kullum kana cikin raɓa tun Asuba, kana cikin rana har faɗuwarta, ga sauron kwari. Muryarka ta dushe har sai an kai kunne kusa da bakinka. Kwana biyu kana jan jiki kana zuwa, a rana ta uku ka kasa tashi da wuri. A jajibirin ranar na samu Isiyaku a zaure ya yi tagumi, na ce masa ai ɗa nagari ba ya kallon ubansa haka, kwana uku kacal ba za su rage masa komai a karatu ba. Da kyakkyawar niyya na faɗa, Allah Ya gani. Yaron ya sa kayan makarantarsa da safe, suka fita da Binta, da suka kai kwalbati sai ya ce ta wuce, shi ya juya gona. Ni kuma na tafi Kadawa wurin darasi, raina fes, ina ganin na yi aikin lada.

Da hantsi ka dogara sanda ka lallaɓa gona, ka iske shi a kan rumfa da kayan makaranta a jikinsa. Waɗanda suka gani sun ce ba ka daka masa tsawa ba, ba ka da muryar ma. Hannu ka miƙa masa ya sauko, ka riƙe shi, kuka kama hanya. Makarantar ta kai mil biyu daga nan. Ba ka yarda ka sallame shi shi kaɗai ba, don ka san da ka juya baya zai dawo. Sai da ka kai shi har bakin aji, ka ba malaminsa haƙurin makara, ka ga ya zauna a bencinsa, sannan ka juyo kana hutawa a gindin kowace bishiya.

Duk wannan lokaci gonarka ita kaɗai ce shiru a kwarin. Yaran sauran gonaki suna ta kora, tsuntsun da aka kora daga nan da can duk sai ya tattaru ya sauka a taka. Da na dawo bayan Azahar na bi ta wurin, na ga gefen gabas gaba ɗaya ya yi fari, kawunan shinkafa a tsaye ba nauyi, an tsotse su sai ƙaiƙayi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi. Kana zaune a ƙarƙashin rumfar, jikinka yana rawa, igiya a hannunka.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce maka wannan ba tawakkali ba ne, ganganci ne, abincin iyali na wata huɗu ka zubar saboda kwana uku. Ka yafito ni in matso don muryarka ba ta fita. Abin da ka faɗa mini a kunne ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Bawana, ni ma kwana uku aka ce. Ina aji biyu a elemantare babana ya aiko a ba shi aron ni kwana uku in tsare masa dawa. Daga tsaro sai girbi, daga girbi sai sussuka. Yau shekara talatin da biyar ban koma ba."

Ka huta, sannan ka ba ni sauran. Lokacin da aikin ruwan nan ya zo aka sake raba gonaki, an kira ku ku sa hannu a takarda. Magatakardan da ke zaune a bayan tebur abokin zamanka ne a benci ɗaya, wanda kai kake nuna wa lissafi. Ya gane ka, ya tashi ya rungume ka, ya miƙo maka alƙalami don yana zaton ka iya. Sai ka tura masa babban yatsa. Ka ce ba wanda ya cuce ka a ranar, gonarka aka ba ka cif, amma shi ya sunkuyar da kai, kai ma ka sunkuyar. A nan ka yi wa Allah alkawari cewa in Ya ba ka 'ya'ya, ba za ka ari ko yini ɗaya daga karatunsu ba.

Daga nan na gaya maka gaskiya, cewa ni ne na zuga yaron. Na ɗauka ranar zan kwashe akwatina. Ka dube ni da jajayen idanun nan na zazzaɓi, ka ce ai ka faɗa tun ranar farko, ba a tsammanin hankali wurin Badamagare. Sannan ka miƙo mini majajjawa.

Haka na hau rumfarka, ni malamin gona da aka turo daga wata ƙasa da takardar hukuma a aljihu. Kwana tara na yi a kanta har ka warware, na nemi uzuri a wurin malamanmu suka ba ni suna dariya. Jifana na farko bai sami tsuntsu ba, hular Baballe ya ɗauke a kan iyakar gona. Daga ranar ya ƙara ni cikin fadarka, ya ce Sarkin Jan-baki ya samu waziri daga Faransa. A kan rumfar nan na san abin da kake sha: rana a tsakiyar ka, maƙogwaro kamar an zuba barkono, sallah ma a gaggauce, ido ɗaya na kan gona.

Shinkafar da aka girbe ba ta kai ku ko'ina ba, kuma shekarar ta zo da fari, hatsi ya yi wuya a ko'ina. Ni ban lura da komai ba, don kullum da safe ana aiko mini da koko da ƙosai, yara ma suna sha kafin su tafi. Sai wata rana na manta littafina na dawo da hantsi, na ji Saude daga cikin gida tana ce maka ka daure, Azahar ta kusa. A nan na gane tun bayan girbi ku biyu ba ku karyawa, abin da ke akwai na safe na yara ne da baƙo. Da na yi maganar ka nuna ɓacin rai, karo ɗaya ke nan da na ga haka a fuskarka. Ka ce yaron da ke jin yunwa ba ya jin malami, baƙo kuwa na Allah ne, kuma in na sake tayar da zancen za ka mayar da ni Damagaram a ƙafa. Abin da na iya yi shi ne na riƙa sayo gero ranar kasuwa in ajiye a zaure in ce wani ne ya ba ni. Ka sani, na san ka sani, ba wanda ya ce wa wani komai.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba sai a wasiƙa, don ban iya faɗinsa ido da ido ba. Lokacin da na taho Kadawa, na bar 'yata Asta a gida, na cire ta daga makaranta don ta taya uwarta ban ruwa a lambun albasa kafin in dawo. Ni da na yi karatu, ni da nake cin abinci da alƙalami. Wata biyar na ce, kamar yadda aka ce maka kwana uku. Ranar da na koma Mirriya ban kwance kaya ba sai da na kama hannunta na kai ta bakin aji. Yau tana kwaleji a Damagaram, kuma ta san sunanka, ta san dalili.

Bayan komawata aka rufe iyaka kusan shekara biyu, sai wasiƙa ta hannun fatake. Isiyaku ke rubuta maka, kana faɗa yana rubutawa, kowace wasiƙa da Bawana take farawa. A ciki na ji ya ci jarrabawar shiga sakandare ta kwana, na ji ka rabu da kekenka don a haɗa masa akwati da katifa, ka koma kai ƙuli Bunkure a ka. Da aka buɗe iyaka na zo na kwana biyu, na iske furfura ta ƙaru, ƙafa ta fara ciwo, amma rumfa tana nan, kuma kai ne a kanta saboda Binta. Ka raka ni har bakin titi. Ban san ganin ƙarshe ke nan ba.

Wasiƙar da ta kawo mini rasuwarka gajeriya ce. Isiyaku ya faɗi rana da lokaci, ya ce ka gama gyara rumfa ka ɗaura sababbin igiyoyi ke nan ciwon ya kwantar da kai. A ƙarshe ya rubuta cewa shinkafa ta fitar da kai, ba namiji a gida sai shi, don haka ba zai koma makaranta ba sai an yi girbi, in ma komawar ta yiwu. Yana aji huɗu. Wallahi mutuwarka ta girgiza ni, amma wannan layi shi ya hana ni cin abinci. Na ga shekara goma da ka yi a kan itacen nan kana shan rana da ba'a za su tafi a banza cikin mako biyu da rufe ka. Ranar Lahadi na shiga mota ta Matamaye da Daura, na kwana a Kano, Litinin da sassafe na sauka a Kura na nemi mai kai ni.

Ban fara zuwa gida ba, Allah Ya yafe mini, gona na nufa. Tun daga kwalbati na jiyo ƙarar gwangwanaye daga wajen gonarka. Na ce shi ke nan, yaro ya hau. Ina tafiya ina shirya abin da zan ce masa, ni da na taɓa ce masa kwana uku ba komai ba ne. Da na matso sai na ga wanda ke kan rumfar ya fi Isiyaku jiki nesa ba kusa ba, ga tumbi, ga furfura, yana ihu da wata irin murya kamar ta mai kiran shanu. Baballe ne.

Ya gan ni ya gane ni. Bai ce waziri ba, bai yi dariya ba. Ya sauko muka yi wa juna gaisuwa, muka yi maka addu'a, idonsa ya kawo ruwa. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru ranar sadakar bakwai. Bayan an shafa fatiha, dangi suna zaune a zaure, aka fara maganar gona, kowa ya tafi a kan cewa Isiyaku ya zauna ya ga girbi, ai yanzu shi ne babba. Yaron ya ce ya ji. Sai Saude, wadda ba a taɓa jin muryarta a zaure ba, ta zo ta tsaya a bayan ƙofa ta ciki, ta yi sallama, ta roƙi Liman ya ba ta izinin magana.

"Malam, a gafarce ni. Gobe Isiyaku zai koma makaranta. In ba wanda zai hau rumfar nan, ni zan hau da takabata, in ya so Allah Ya yi mini hukunci. Amma ɗan Sammani ba zai hau ba."

Mace mai takaba, kwana bakwai da rasa miji, a ce ta fita gona tana ihu a gaban gari, alhali ga maza zaune sun cika zaure. Baballe ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma bai san lokacin da ya miƙe ya ce Litinin da Talata nasa ne ba. Wani ya ɗauki Laraba, ladan ya ce a ba shi Asabar tsakanin salloli, kafin a tashi kwana bakwai sun samu masu su, duk magidanta, ba yaro ko ɗaya. Washegari Baballe da kansa ya ɗauki akwatin Isiyaku ya raka shi bakin titi. Ya ƙara da cewa, yana kallon gefe, autansa Lukmanu ma yana aji yau, don ba zai yiwu yana tsare wa ɗan wani karatu nasa yana kan rumfa ba. Muna cikin magana tsuntsu ya taso, ya katse ni ya haye da sauri yana jan igiya.

Na roƙa aka ba ni Alhamis da Juma'a har a yi girbi, masu su suka bar mini. A kan rumfarka na fara rubuta wannan takarda, da igiyarka a hannun hagu. Lakar da nake jifa da ita Saude ce ta mulmula a cikin ɗakin takabarta, Binta ke kawowa da yamma in ta taso daga makaranta. Shinkafar ta yi kyau bana, Malam Sammani, kawunan sun sunkuya, kuma daga nan ina hango rumfuna uku a kwarin da manya ke kai.

Ya Allah, ga bawanKa Sammani ya zo maKa ba da dukiya ba, ba da sarauta ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ranar da ya sha saboda amanar da Ka ba shi, Ka musanya masa da inuwar Al'arshinKa. Yunwar safiya da ya ɓoye, Ka ƙosar da shi daga abincin Aljanna. Kowane harafi da 'ya'yansa za su karanta su amfani mutane da shi, da na Asta, da na Lukmanu, Ka kai ladan kabarinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Saude, Allah Ya ba ki haƙuri Ya saka miki, Ya sa ki ci moriyar abin da kuka shuka tare. Ga dangi da maƙwabta da jama'ar ƙauyen baki ɗaya, musamman magidantan da suka raba kwanaki, Allah Ya tsare muku naku kamar yadda kuka tsare na marigayi. Binta, ki riƙe littafinki. Isiyaku, na taɓa ba ka shawara sau ɗaya na yi kuskure, ga ta biyu: kada ka zo sai an ba da hutu. Gona tana da masu tsaro.

Allah Ya jiƙanka, ubangidana. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Bawanka,
Ibrahimu na Mirriya